Tururuwa a Cikin Ludayi

Har yau idan na ga tururuwa ta faɗa cikin abin sha, sai in tsaya in ga ko za ta fita. Yara dariya suke mini, wai Umma ta zama mai gadin ƙwari. Su yi ta yi. Ban taɓa ba su labarin ba, kuma wadda ta fi kowa ƙyalƙyala dariyar, a kanta abin ya faru.

A Kazaure nake aure, maigidana malamin makaranta ne, amma asalina wani ƙauye ne a bayan Gwiwa. Haihuwata ta fari namiji ne. Ba a kai ni gida wankan jego ba, don haihuwar ta zo da gardama a asibiti, aka ce kada in yi nisa, sai uwar mijina ta kula da ni a cikin gari. Nono kuwa Allah ya ba ni shi. Ina tafe yana zuba, kafin azahar sai na sake riga. Yaron ya yi ɓulɓul, ya fara gane muryata, ya fara wannan dariyar ta dasashi. Sai cikin bazara zazzaɓi ya kama shi, zawo ya biyo baya, maɗigarsa ta lotsa, wato wurin nan mai taushi a tsakiyar kan jariri. Muka kai shi asibiti, aka yi abin da za a yi. Abin da ya sha na ƙarshe a duniya nonona ne.

Da na sake samun ciki, Inna ta aiko cewa wannan karon a gida zan haihu, a gida zan yi wanka. Maigida bai ja ba. Na yi awona a Kazaure, na ji duk abin da malaman asibiti ke faɗa mana: a sa jariri a nono da zarar ya faɗo, a ba shi har dakashi, nonon farkon nan mai kauri da ake zubarwa, kada a haɗa masa da komai. Na ji, na kuma yarda. Ni ma fa na yi makaranta, ba za a ce ban sani ba.

Inna mace ce marar magana. Ni ce babba a 'ya'yanta, don haka ba ta kama sunana, daga "ke" sai "ke wannan". A bakin mutane na ji cewa ta haifi biyu kafin ni, duk sun koma suna jarirai. Ita ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ni kuma ina na ga fuskar tambaya? Mai magana a gidanmu Gwaggo ce, yayar Babana, kuma ungozomar ƙauyen. Ita ta yanke mini cibiya, rabin garin ma ita ta yanke musu. Idan Gwaggo ta ce a'a, Baba ma takalminsa yake nema ya fita.

Cikin damina na haihu, gero ya kai ƙugu. Mace na samu. Aka wanke ta aka miƙo mini, na janye zane zan sa ta a nono, sai Gwaggo ta riƙe mini hannu.

"Ina za ki? Ai ba a gwada ba."

Na ce, "Gwaggo, gwajin me?"

Ta juya wajen Inna. "Kin ji ko? Abin da zaman birni ke jawowa ke nan. Uwa ce, ba ta san ana gwada nono ba."

Aka ce in jira nono ya kawo sosai. Kafin nan ana ba yarinya ruwan dabino da madarar shanu, wadda wata Bafulatana ke kawo mana kowace safiya daga rugar da ke bayan gari. Na yi ƙunƙuni, na ce a asibiti ba haka aka ce ba. Gwaggo ta ce to in tashi in koma asibitin.

Da nonon ya kawo, ƙirjina ya yi tam, Gwaggo ta zo da hantsi da sabon ludayi. Ta ce in tatsa a ciki. Ban ma matsa ba, taɓawa kawai na yi, ludayi ya kusa cika. Ta fita gindin rumbu ta dawo da tururuwa a kan tsinke, ta kaɗa ta a tsakiya. Sannan ta yi mini bayani, idonta a kan ludayin. Idan tururuwar ta fita da ranta, nono lafiyayye ne. Idan ta mutu a ciki, mugun nono ne, mai kashe ɗa.

Wallahi dariya ta so kama ni. Sai na duba na ga babu mai dariya a ɗakin. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta dunƙule gefen zanenta a hannu. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, ta nufi gefe, ta juyo, ta sake nufa. Ni da na ce ban yarda da abin ba, sai na tsinci kaina ina cewa a zuci, fita mana, don Allah fita. Ƙafafunta suka rage motsi. Ta naɗe, ta tsaya cak.

Gwaggo ta yi salati a hankali. Ba ta yi mini faɗa ba. Da faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Cikin tausayi ta dube ni ta ce, "Da an gwada a na farko, da yanzu yana nan yana bin awaki a tsakar gidan nan."

Ban san yadda zan faɗi abin da maganar nan ta yi mini ba. Tun rasuwar yaron nake tambayar kaina me na yi, me ban yi ba, ban sami mai amsa mini ba. Ga shi an ba ni amsa a cikin ludayi. Na dubi ƙirjina, na ji tsoron jikina ya kama ni. Na ja zane na rufe shi har wuya.

Gwaggo ta ce kada in karaya, wani nonon yana gyaruwa. Aka dafa saiwoyi ana wanke mini ƙirji da su, aka ba ni wani jiƙo mai ɗaci ina sha bayan kunun kanwa. Ana gobe suna aka sake gwadawa. Ludayi ya cika har ya fi na farko, tururuwa ta sake mutuwa. Gwaggo ta kife ludayin ta ce shi ke nan, wannan yarinya ba ita ba nonon uwarta, a ci gaba da madara har Allah ya raya ta.

Maigida ya zo suna daga Kazaure. Da ya ji abin da ake ciki ransa ya ɓaci. Ya yi wa Baba magana cikin ladabi, Baba ya ce wannan sha'anin mata ne. Ya shigo wurina ya rage murya ya ce, "Haba, ke ma kin san wannan camfi ne. Ki ba ta nono idan babu kowa."

Na ce, "To, na ji. Ka rantse mini."

"In rantse da me?"

"Ka rantse da Allah ba nonona ne ya kashe mana yaro ba."

Mutum ne mai tsoron Allah, ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Ya ce Allah ne kaɗai ya san sanadi. Na ce to ya tashi ya ba ni wuri. Na san ban kyauta masa ba, amma a ranar ko shi ne ya haife ni sai na faɗa masa haka. Da yamma ya hau mashin ya koma, don washegari akwai makaranta.

Bayan suna yarinya ta fara lalacewa a kan idona. Madarar ba ta zama a cikinta. A ɗura mata da cokali, ta dawo da rabi, sauran ya fita ta ƙasa. Da farko tana tsala ihu tana juya kai tana laluben ƙirjina, don tana jin ƙamshin nono, ni kuwa ina kawar da ita. Kai, akwai abin da ya fi wannan ciwo? Rigata sharkaf, 'yata na kukan yunwa a cinyata, ina tura bakinta gefe. Daga baya ihun ya ragu, ya koma wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa. Gwaggo ta ce ai ta fara sabawa ne. Ni na san ba sabo ba ne, na taɓa jin irin wannan kukan.

Kullum hannuna yana kan maɗigarta. In shafa, in janye, in sake shafawa. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya. In ba ta nono, in kashe ta da hannuna kamar yadda aka ce na kashe wanta. In hana ta, ga abin da nake gani. Ko salla nake yi, hankalina yana kan wannan ɗan wurin mai taushi. Wata safiya bayan wanka na shafa, yatsana ya faɗa cikin rami.

Ban yi ihu ba. Na kwantar da ita, na ɗauki ƙoƙo na zagaya bayan ɗaki. Dama can nake zuwa in tatse nonon in zubar, don idan ban tatse ba zazzaɓi yake sa mini. Gwaggo ta ce in riƙa tona rami ina binnewa, kada kaji su sha. Ranar ban tona komai ba. Na durƙusa ina tatsa ina kuka, rabi a ƙoƙo rabi a ƙasa. Akwai wani tsohon murfin kwano da aka yar a gindin katanga, nonon ya fantsama a kansa ya bazu.

Ina nan durƙushe, ban san iya lokacin da na ɗauka ba, sai na lura da su. Tururuwa ce ta yi layi daga gindin katangar ta hau murfin. Suna shiga cikin nonon da ƙafafunsu, su tsaya su sha, su ratsa ta ciki su fita ta ɗaya gefen. Wasu har komowa suke yi. Na zuba musu ido ina jiran su fara faɗuwa. Na zaɓi guda ɗaya na bi ta da kallo tun daga murfin har ta shige raminta. Ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Na tashi na shiga madafa, na ɗauko ludayin gwajin nan inda Gwaggo ta soke shi a jikin danga. Na cika shi daga sauran madarar shanun da aka kawo da safe, wadda ake ɗura wa 'yata. Na sa tsinke na ɗauko tururuwa na kaɗa a tsakiya. Ta yi wutsil-wutsil, ta nufi gefe, ta juyo. Ta naɗe ta mutu, daidai yadda ta farko ta mutu a nawa.

Na ƙwala wa Inna kira, irin kiran da ban taɓa yi mata ba. Ta fito da hannu duk ƙullu. Ban iya yi mata bayani ba. Nuna mata kawai na yi. Na zubar da madarar na ɗauraye ludayin, na ɗiga nonona kaɗan, iya abin da zai jiƙa gindinsa. Na sa tururuwa. Ta taka ta fita abinta, ta bi ta kan yatsana. Na sake cika shi da madarar shanu, na sa wata. Ta nutse.

Na ce, "Inna, ba dafi ba ne. Yawa ne. Nutsewa suke yi."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa, a cikin laimar damina, ita da ko tabarma ba ta zama sai ta kakkaɓe. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Cika shi da naki." Na cika, tururuwa ta mutu. "Rage." Na rage, ta fita. Ta karɓi ludayin da hannunta ta ɗebo ruwan randa, ruwan da duk gidan muke sha, ta sa tururuwa a ciki, ta zauna tana kallonta tana fafutuka. Fuskarta ta ba ni tsoro fiye da maɗigar yarinyar. Na ɗauka suma za ta yi.

Sai ta miƙe ta ce, "Tashi ki ba ta."

Kada wani ya ɗauka tsoron ya tafi. Ina! Idona ya gani, amma cikina bai yarda ba. Na ɗauki yarinya na kai bakinta kan nono, wata zuciyar tana ce mini idan fa Gwaggo ce da gaskiya? Yarinyar kuma ta ƙi kamawa. Ba ta da ƙarfin tsotsa, leɓenta ya bushe, idonta a lumshe. Na ce, "Inna, ta ƙi. Wayyo Allah, na makara." Inna ta durƙusa ta buɗe ɗan bakin da yatsa, ta kama nonona da hannunta ta matsa, ɗigo ya faɗa a harshen. Muka tsaya. Maƙogwaron ya motsa. Ta sake matsawa, ya sake motsawa. Duk haɗiyar da ta yi, sai na ji kamar in fizge ta.

A haka Gwaggo ta same mu. Ta yi salati da ƙarfi ta yo kanmu. "Kun haukace? Kashe ta za ku yi?"

Inna ta tashi ta tsaya a tsakaninmu. Tun da nake ban taɓa jin ta mayar wa Gwaggo magana ba. Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Yau dai za ta sha."

Na yi ƙoƙarin nuna wa Gwaggo ludayin. Ta ce ita tun da uwarta ta koya mata gwajin nan ba ta taɓa jin inda aka gwada nonon saniya ba, kuma alhakin yarinyar nan yana wuyanmu. Ta fita tana share hawaye. Ban ƙi ta ba, har ta rasu ban ƙi ta ba. Da gaske ta yi imani ceton 'yata take yi.

Inna ta aika aka kira Baba daga gona, ta ce a nemo ɗan acaba. Aka ce mai jego ba ta fita, ta ce wannan za ta fita. Muka hau mu biyu, yarinya a tsakiyarmu, hanya duk taɓo, wani wurin sai mun sauka mun taka. A asibitin Gwiwa aka ba ta ruwan gishiri da sukari, aka ce in ci gaba da ɗiga mata nono ko ba ta tsotsa. Muna zaune a kan benci wajen la'asar na ji ta kama. Wani ɗan ja ne marar ƙarfi, amma na ji shi har bayana.

Ta rayu. Maɗigar ta ciko a hankali, kukan ya dawo da ƙarfinsa har maƙwabta suna ƙorafi. Ni dai ban huta ba. Ko atishawa ta yi sai na dubi ƙirjina. Da ta kai watannin da wanta ya rasu a cikinsu, ko abinci ba na iya ci. Sai da ta wuce su, ta yi haƙori, ta fara rarrafe, sannan na daina shafa mata tsakiyar kai. Inna kuwa ba ta sake tayar da maganar ludayi ba, har na gama wanka na koma Kazaure.

Da yarinya ta yi wayo, tana gudu tana kiran Abba, matan unguwa suka fara yi mini tsiya, wai sai ta shiga makaranta zan cire ta daga nono? Ni ma na gaji, ga cizo. Na haɗa mata 'yan kayanta na kai ta ƙauye wurin Inna, yadda ake yi, kaka ta riƙe ta har ta manta da nono. Na iso da hantsi. Inna tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, na ce na kawo yaye.

Ta ce, "Shekara biyun ta cika?"

Na ce, "Da saura, Inna. Amma ai ta isa, tana cin komai."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Yarinyar ta hau cinyata tana jan wuyan rigata, ina buge mata hannu. Can Inna ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Ke a shekarar fari na haife ki. Ba mu da abinci, na rame, nonon da ƙyar ya ɗiga a ludayi. Tururuwa ta taka ta fita, aka ce mai kyau ne, aka ba ni ke."

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba.

"Na farin namiji ne, ta biyun mace. Su da ƙoshi na haife su. Nono har zuba yake yi, yana jiƙa mini zane. Ludayi cika yake yi taf." Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. "Ina ji suna kuka, ina bayan ɗaki ina tona rami ina binne shi."

Na ce, "Inna..."

Ta miƙo hannu, ba ni ta taɓa ba. Wuyan rigata ta ja ƙasa, ta gyara wa yarinyar kai da tafin hannunta har ta kama. Ta zauna tana kallon yadda take haɗiya, ɗaya hannun nata a dafe da ƙirjinta.

Ta ce, "Koma da ita. Ki bar ta ta sha. Akwai na mutum biyu da ba a sha ba."